Murya da Tsoro a Tsofaffin Finafinan Kaset

Gabatarwa

Wannan maƙala tana duba wani rukuni na finafinan ban tsoro da na zullumi, waɗanda aka yi tsakanin 1955 da 1982, ta fuskar yadda suka iso gidajen mutane: a kan kaset na bidiyo da farko, daga baya a kan faifai. Abin da mu ke son nunawa guda ne. Kaset ya ci zalin hoton waɗannan finafinai ƙwarai da gaske, amma duk da haka suka rayu a kansa, domin yawancin abin da ke firgita mai kallo a cikinsu ta kunne ya ke shiga. Idan haka ne, duk wanda ya taɓa sautin fim, da sunan fassara ko da sunan gyara, ya taɓa jijiyarsa, kuma ya fi cancantar tuhumar mai sharhi a kan wanda ya yanke gefen hoto. Za mu kira finafinan da sunayen da aka san su da su a kasuwar Faransa, tun da ta wannan ƙofa yawancin masu karatunmu suka gamu da su.

Sai mu fara daidaita kalmomi. Faransanci yana rarrabe épouvante da horreur da suspense. Hausa ba ta gaza ba a wannan fage: akwai tsoro, wanda zai iya daɗewa a zuciya, akwai razana da firgita, waɗanda ke zuwa farat ɗaya, akwai ƙyama, wadda ta fi shafar ciki, sa'an nan akwai zullumi, watau zaman jiran abin da bai riga ya auku ba. Mun zaɓi "fim na zullumi" ga irin aikin Hitchcock da Clouzot. Abin da a ke kira film culte kuwa, mun kira shi "fim mai mabiya", watau wanda ya sami jama'ar da ke maimaita kallonsa, suna haddace shi, suna ba juna aro, ko ya yi kasuwa a farkon fitowarsa ko bai yi ba. Kaset ne ya yawaita irin waɗannan mabiya. Gidan silima yana nuna fim ƴan kwanaki ya ɗauke, shi kuwa kaset ana maido shi baya sau ɗari. The Thing na John Carpenter ya fito a Amurka a watan Yuni na 1982, makonni biyu bayan E.T., ya faɗi warwas a kasuwa, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca. A shagunan hayar kaset ya sami mutanensa.

1. Abin da kaset ya yi wa hoto

Kamfanin Sony ya fito da Betamax a 1975, JVC ya fito da VHS a 1976, kuma VHS ne ya cinye kasuwa. Finafinan ban tsoro na cikin waɗanda suka fara cika kantunan haya, saboda dalili mai sauƙi: abin da tele ba ta nunawa, shi mutane ke biyan kuɗi su gani a gida. A Faransa an hana Massacre à la tronçonneuse (Tobe Hooper, 1974) shiga gidajen silima har 1982, amma René Chateau ya riga ya fitar da shi a kaset tun kafin nan, cikin jerin da ya yi wa talla da cewa finafinai ne da ba za a taɓa gani a tele ba. A Ingila abin ya kai ga majalisa. An yi dokar kaset a 1984, an jera finafinai 72 da a ke tuhuma, 39 daga ciki kotu ta same su da laifi. L'Exorciste ma, wanda ba ya cikin jerin, ya ɓace daga kantunan Ingila daga 1988 har 1999.

To amma me mai kaset ya ke gani? Allon tele na lokacin kusan murabba'i ne, faɗinsa 1,33 a kan tsayi 1. Fim irin La Nuit des masques (Carpenter, 1978) an ɗauke shi da faɗin 2,35. Don a cika allon tele sai a yanke dama da hagu, fiye da kashi 40 cikin ɗari na hoton ya tafi ke nan. Ga wannan fim musamman asarar babba ce, domin dabarar Carpenter da mai ɗaukar hotonsa Dean Cundey ita ce su aje yarinya a tsakiyar hoto, su bar mai kisan can gefe, ko cikin duhun bayan ƙofa, inda ido zai tsinto shi da kansa. A kaset, sau da yawa gefen nan ba ya nan, duhun kuwa ya zama baƙi ƙirin, babu abin tsinta a ciki. Suspiria (Dario Argento, 1977), wanda aka gina a kan ja da shuɗi masu ƙarfi, ya fi shan wahala, don jan launi ne VHS ya fi kasa riƙewa: sai ya malale ya haye iyakarsa kamar tawada a jiƙaƙƙiyar takarda. Mu a nan akwai ƙarin matsala. Nijar ta bi Faransa a tsarin SECAM, Najeriya tana kan PAL, saboda haka kaset da ya tsallako iyaka ya faɗa na'urar da ba ta san tsarinsa ba, baƙi da fari ya ke fitowa. Idan kuma kwafin kwafi ne, sai a hankali.

Duk da wannan ɓarna, mutane sun ji tsoro. La Nuit des morts-vivants (George Romero, 1968) shi ne shaida mafi ƙarfi. Kamfanin da ya rarraba shi ya canza masa suna, ya manta ya maida alamar haƙƙin mallaka, sai fim ya zama na kowa a dokar Amurka ta lokacin. Kowane ɗan kasuwa ya buga kaset nasa daga kowane irin kwafi ya samu, wasu har fuskokin ƴan wasa ba a rarrabewa. Abin da bai lalace ba shi ne muryar mai ba da labarai a rediyo da tele, wadda ke karanta abin da hankali ba zai ɗauka ba da irin natsuwar mai karanta farashin hatsi, da ƙarar gudumar Ben yana kafe tagogi. (A fim ɗin nan, a lura, ba a furta kalmar zombi ko sau ɗaya. Kalmar da a ke amfani da ita ta samo asali daga Larabci, ghul. Sunan zombi daga baya aka laƙaba wa matattun Romero.)

2. Saurin kaset da kaifin murya

Kafin mu shiga batun harshe akwai wani ɗan canji da kaset ya yi wa sauti, wanda ya shafi masu nazarin furuci. Silima tana gudu da hoto 24 a daƙiƙa, PAL da SECAM suna gudu da 25. Maimakon a yi wani lissafi mai wuya, sai kawai a ƙara wa fim sauri da kashi 4 cikin ɗari. L'Exorciste mai minti 122 ya koma kamar minti 117. Sauti ma ya hau: muryar da ke kaɗawa sau 100 a daƙiƙa ta koma 104. Mai jin Hausa ya san cewa karin sauti abu ne na gwaji, hawa da sauka a ke ji tsakanin gaɓa da gaɓa, don haka idan dukan jimla ta hau tare ma'ana ba ta canzawa. Haka abin ya ke a nan, kuma ba mu ganin wannan ya rage wa wani fim ƙarfi yadda za a damu. Inda aka ɗan yi asara shi ne shiru, domin kowane shiru ma ya gajarta, kuma fim kamar Les Diaboliques (Henri-Georges Clouzot, 1955) da shiru ya ke aiki. Babu kiɗa a cikinsa in ban da na buɗewa da rufewa. A mintocin ƙarshe, lokacin da Véra Clouzot ke bin dogon barandan makarantar cikin dare, abin da ke jan ta kuma ya ke jan mu shi ne ƙarar injin buga rubutu daga ɗakin da bai kamata a ce akwai kowa ba.

3. L'Exorciste: fim a kan harshe

Za mu daɗe a kan fim ɗin William Friedkin na 1973, don a ganinmu shi ne ya fi kowanne fito da batun. Abin da aka fi tunawa da shi shi ne amai da kai mai juyawa. Waɗannan a yau sun tsufa, faifai mai tsabta ma ya ƙara tona asirin robar da aka yi su da ita. Abin da bai tsufa ba shi ne murya, kuma ba banza ba ɗaya daga cikin kyaututtukan Oscar biyu da fim ɗin ya samu na sauti ne.

Muryar aljanin da ke bakin yarinya Regan ta Mercedes McCambridge ce, tsohuwar ƴar wasan rediyo, wadda ta sha ɗanyen ƙwai da taba da barasa don ta ɓata maƙogwaronta, aka kuma ɗaure ta a kujera lokacin ɗauka. Da farko ba a ma sa sunanta a fim ɗin ba, sai da ta yi rigima. Abin da ta samar murya ce da kunne ya kasa aje ta a aji: ba a ce ta namiji ba, ba a ce ta mace ba, ga numfashi mai shaƙewa a ƙarƙashinta kamar akwai wasu a bayan mai maganar. Kunnen ɗan Adam cikin ƙiftawar ido ya ke yanke hukunci a kan jinsi da shekaru da girman jikin mai magana. Idan hukuncin kunne ya saɓa wa abin da ido ke gani, watau yarinya ƴar shekara 12, nan tsoro ke tsirowa. Wannan saɓani ba ya bukatar hoto mai kyau. Ko a kaset da ya sha hannu yana nan daram.

Bugu da ƙari, labarin kansa a kan harshe ya ke tafiya. A littafin ibadar cocin Katolika na 1614, magana da harshen da mutum bai taɓa koyo ba tana cikin alamomin shigar aljani. Don haka Fada Karras, wanda likitan ƙwaƙwalwa ne kuma imaninsa na rawa, sai ya yi abin da mai nazarin harshe zai yi: ya ɗauki rakoda, ya gwada yarinyar da Latin, ya naɗi maganarta, ya kai ɗakin nazarin harsuna. A can aka gaya masa cewa abin da ya ɗauka baƙon harshe ne Ingilishi ne a juye, daga ƙarshe zuwa farko. Aljanin kuma mai kwaikwayon karin harshe ne. Yana ɗauko muryar wani almajiri da Karras ya wuce a tashar jirgin ƙasa, da ta Baturen Ingila mai shirya fim da ya mutu, da ta mahaifiyar Karras, tsohuwa Bagirkiya mai Ingilishin baƙi. Wannan ta ƙarshe ita ce ta karya fadan, don laifin barin uwarsa ta mutu ita kaɗai da karin harshenta ya dawo masa.

Mai kallo Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. A bori ma da murya a ke gane wanda ya hau: kowane iska da irin maganarsa, wani da in'ina, wani da Fillanci, wani da muryar yara. Babule, waɗanda suka bayyana a yankin Filinge wajen 1925, waɗanda Jean Rouch ya ɗauka kusa da Ankara a Les Maîtres fous (1955), da gurɓataccen harshen masu mulkin mallaka su ke magana. Akwai kuma wani abin da kunnen Musulmi ke kamawa tun daƙiƙar farko: fim ɗin da kiran salla ya ke buɗewa, a arewacin Iraƙi. Ga mai kallo a Amurka ta 1973 wannan sauti na nufin nesa da baƙunta da ɗan abin tsoro. Ga wanda ke jin sa sau biyar a rana daga masallacin unguwa, sauti ne na gida, kuma amfani da shi a matsayin share fagen zuwan Shaiɗan abu ne da ke da ɗaci. Muna ganin wannan rauni ne a fim ɗin, kuma rauni ne da kunne kaɗai ke ganowa.

Yanzu sai a tambaya: me ya rage idan aka ɗora wa fim ɗin muryoyin Faransanci? Kaset harshe ɗaya ya ke ɗauka, kuma wanda ya iso ƙasashenmu daga Faransa kusan kullum mai ɗorarriyar murya ne. Akwai wurin da aljanin, don ya yi wa Karras ba'a, ya ke jefa masa gaisuwa da Faransanci da wata jimla ta littattafan ƴan koyo game da alƙalamin gwaggo. Daɗin wurin shi ne harshen baƙo ne, amma irin wanda kowane ɗan lakwal zai iya, don haka bai tabbatar da komai ba. Idan kowa a fim ɗin Faransanci ya ke yi, baƙuntar ta mutu, mai fassara kuwa ko dai ya bar wurin ba gishiri ko ya ƙago wani abu nasa. Haka maganar Ingilishi a juye, haka karin harshen Baturen Ingila a tsakanin Amurkawa, wanda ba shi da kishiya a Faransancin ɗakunan ɗora murya na Paris, inda kowa ke magana da baki ɗaya.

4. Waɗanda fassara ba ta cutar da su, da wanda ya shirya mata

Ba kowane fim ne ɗora murya ke yi wa lahani ba. Massacre à la tronçonneuse jini kaɗan ne a cikinsa, saɓanin abin da sunansa da hotunan kwalinsa ke sa a zata. Ƙarfinsa yana ga ƙugin zarto mai inji, da ƙarar janareto, da ƙarafan da Hooper da Wayne Bell suka kaɗa a maimakon kiɗa, da ihun Marilyn Burns wanda ya cinye kusan dukan kashi na ƙarshe. Mai zarton ba ya furta kalma, gurnani da kuka irin na dabba kawai. Babu abin fassarawa. An ɗauki fim ɗin a kan 16 mm, hotonsa dama mai tsakuwa ne, har ana iya cewa dattin kaset ya yi masa kyau.

Suspiria kuwa yana rushe tambayar ne gaba ɗaya. A al'adar silimar Italiya ta lokacin ba a cika naɗar murya a wurin ɗauka ba. Ƴan wasa daga Amurka da Italiya da Jamus kowa na iya yin harshensa, daga baya a ɗora muryoyi a ɗaki. Don haka na Ingilishi ɗorarre ne, na Italiyanci ɗorarre ne, neman "harshen asali" a nan neman jinin fara ne. Leɓɓan da ba su dace da magana ba ma sun shiga cikin mafarkin da fim ɗin ya ke. Muryar da ta fi muhimmanci a cikinsa tana cikin kiɗan ƙungiyar Goblin: raɗa da huci da nishi, waɗanda suka fi kowace jimla ta ƴan wasan ƙara.

Stanley Kubrick ya san haɗarin, ya tare shi. A Shining (1980) shi ya sa ido a kan fassarori, kuma Jean-Louis Trintignant ne ya ɗora murya a kan Jack Nicholson. Har takardun da matar ta tarar mijinta ya cika da jimla ɗaya tak, an sake buga su an sake ɗauka don wasu harsunan Turai. Na Ingilishi karin magana ne a kan yaron da aiki ya hana wasa. Na Faransanci wani karin magana ne daban, mai ma'anar ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Zaɓin bai yi mana ba, domin na farko yana magana a kan halin mutumin, aiki ya haukata shi, na biyu kuwa bai ce komai a kansa ba. Amma ƙa'idar daidai ce: dole mai kallo ya karanta jimlar da idonsa, cikin harshensa, ya gane ta a daidai lokacin da matar ta gane.

5. Faifai da masu gyara

DVD ya fito a Japan a 1996, a Amurka a 1997, Blu-ray a 2006, kuma kamfanin Funai ya ƙera na'urar VHS ta ƙarshe a 2016. Faifai ya maido gefen hoto da launi, ya kuma ba da abin da kaset bai taɓa bayarwa ba, watau harsuna da dama a fim ɗaya. A karon farko mai kallo a gida ya iya sauraron McCambridge, ya danna ya saurari wadda ta maye gurbinta, ya gwada. Ga mai koyar da fassara wannan kayan aiki ne mai daraja.

Sai dai faifai ya zo da tasa ɓarnar, kuma wannan karon sauti ta faɗa wa. Masu sayen sababbin na'urori suna son su ji ƙara ta kewaye su daga lasifika biyar ko shida, tsofaffin finafinai kuwa yawanci sautinsu ta hanya ɗaya ya ke fitowa. Sai kamfanoni suka shiga sake gauraya sauti. A DVD na Les Dents de la mer (Steven Spielberg, 1975) da ya fito a Amurka a 2000, an sauya ƙarar bindiga da wasu sautuka da sababbi, aka bar tsohon sautin a waje, alhali shi ne ya ci kyautar Oscar. Sai a bugun 2005 aka maido shi. A Faransa an ƙara da sake ɗora muryoyi baki ɗaya, ga wannan fim da kuma L'Exorciste bayan fitowar dogon bugunsa na 2000. Wanda ya girma da kaset, ya sayi faifai, sai ya tarar da fuskokin da ya sani suna magana da muryoyin da bai sani ba. Wani zai ce ai duka ɗorarru ne, me ya yi zafi? Amsarmu ita ce, tsohuwar fassara ita ma ta zama tarihi: tana ɗauke da Faransancin shekarunta, da zaginsu, da abin da su ke jin kunyar faɗa, kuma ita ce fim ɗin da miliyoyin mutane suka sani daga Marseille har Damagaram.

Ana iya yin aikin da kyau. Kamfanin Synapse ya fitar da Suspiria a 2017, launi a ƙarƙashin kulawar mai ɗaukar hoton na asali, Luciano Tovoli, tare da sautin hanyoyi huɗu na 1977 wanda aka daɗe ba a ji ba. Ana kuma iya ɓata shi ko da niyya mai kyau. Psychose (Alfred Hitchcock, 1960) fim ne da aka auna kowane sauti nasa: kiɗan Bernard Herrmann da kayan tsirkiya zalla, ƙarar wuƙa da aka samo ta hanyar sukar wani irin kankana, da muryar uwar Norman wadda aka haɗa daga mutum uku, Virginia Gregg da Jeanette Nolan da wani namiji, Paul Jasmin, don kada kunne ya kama ta. Da kamfanin Universal ya fitar da sabon faifansa a 2020, ya rubuta a kwali cewa akwai sautin asali a ciki. Masu saye suka saurara, suka gane sabon gaurayen ne aka matse shi ya koma hanya ɗaya, da sababbin sautukansa. Kamfanin ya sake buga faifan, ya musanya wa waɗanda suka nema.